Ministan Ƙasa da Shanun Ɗahiru

Mas'udu taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, ko da kuwa yana cikin babbar riga mai aska takwas. Ni ce Luba, malamar firamare da ta ajiye alli, ina zaune a Sabon Gari cikin Gusau. Shi kuwa a Karakkai aka haife shi, ta ƙasar Bunguɗu, shekara biyu bayana, duk da har gobe yana musun wannan.

Tun yana yaro ba shi da zance sai na gona. Da ƙyar da jiɓin goshi ya gama firamare, da aka ce ya wuce gaba sai ya ce shi fartanya ta fi masa biro daɗin riƙewa. Kawu bai matsa masa ba, don ya ga yaron yana iya duban gajimare ya faɗi ko a fita shuka ko a dakata, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Yana da shekara ashirin da biyar Kawu ya rasu, gandun gidan ya dawo wuyansa, da shi da ƙanensa Ashiru.

A cikin gonakinsu akwai wadda ake ce wa gonar gawo, saboda wani ƙaton gawo da ke tsakiyarta. Babba ce, kuma a gindinta akwai fadama da rijiyar da ba ta ƙafewa. Duk Karakkai babu gonar da ke ba da dawa kamarta, kuma ba wani asiri ba ne, kowa ya san dalili. Kowace shekara, da an yanke dawa an kai rumbu, sai wani Bafulatani mai suna Ɗahiru ya iso da garkensa. Shanun su ci kara da ragowar harawa, su sha a rijiyar, su kwana a gonar har faɗuwar ruwan farko. Duk bayan 'yan kwanaki Ɗahiru yana matsar da makwancinsu daga wannan kusurwa zuwa waccan, har taki ya game gonar kaf. Mas'udu ya kai masa damman dawa, matar Ɗahiru, Jamila, kuma ta riƙa aiko da nono da man shanu cikin gida. Iyayensu ne suka fara wannan zama, babu takarda, babu shaida, su kuma suka gada.

Ga Mas'udu wannan taki ne. Ga Ɗahiru kuwa rayuwa ce gaba ɗaya. Wuraren kiwo an nome su, burtali ya tsuke har saniya biyu ba sa jerawa, gonar gawo ce kaɗai wurin da ya rage masa da zai ci rani hankali kwance. In babu ita, ko dai ya sayar da shanun, ko ya nausa kudu da su, inda ba kowa ke dawowa da garkensa ba.

Siyasa kuwa tuntuɓe Mas'udu ya yi ya faɗa cikinta. Wata shekara aka tara manoma a Bunguɗu za a raba takin zamani, a lokacin dawa har ta fitar da kai. Wani babban baƙo ya yi jawabi ya yi jawabi, rana na dukan mutane, kowa ya yi tsit. Da ya gama ya ce ko akwai mai magana, irin tambayar nan da ba a son a amsa ta. Sai ga taubashina ya miƙe daga can baya, da hular saƙa da faso a dunduniya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, mun gode ƙwarai. Sai dai takin ga da kunka kawo, dawa ta riga ta hidda kai. Mu bi ta da shi cikin rumbu, ko ko mu dama mu sha?"

Wurin ya kece da dariya, har masu gadin baƙon sai da suka juya baya suna toshe baki. Kafin mako ya zagayo maganar ta zaga kasuwannin yankin. Dattawan gari suka zo zaurensa suka ce kansila suke so ya tsaya. Ya ce shi bai iya ƙarya ba. Suka ce ai shi ya sa suka zo.

Ya yi kansila, ya sa aka gyara rijiyoyi da wata gada da ke cinye jakuna duk damina. Daga nan aka ce majalisar jiha. Wannan yaƙin neman zaɓe ba zan manta da shi ba, don ni ma na ɗaura ɗamara na shiga. Ba mu da motoci, ba mu da atamfar rabo. Manoma suka ce gayya za su yi masa, kamar yadda ake taruwa a nome gonar mutum a yini ɗaya. Kowa ya ɗauki ƙauye guda a wuyansa. Ranar da muka shiga Kekun Waje, maimakon tuta mutane fartanyu suka ɗaga sama, tun daga bakin gari har kasuwa, mata na rangaɗa guɗa ta saman katanga. Wallahi sai da na manta da cewa wannan mutumin ne na taɓa turawa cikin kududdufi muna yara.

Magoya bayan abokin takararsa suka laƙaba masa suna, wai mai warin kashin shanu. Muka ji haushi, shi ko a jikinsa. Ya hau kan amalanke a tsakiyar kasuwa ya karɓi lasifika.

Ya ce, "Sun ce ina warin kashin shanu. Gaskiya sunka hwaɗi. To, wanda bai taɓa cin tuwon da warin ga ya haiho ba, shi ɗaga hannu in gane shi."

Babu hannun da ya tashi. Sai tafi da sowa, har tsofaffi suna buga sanda a ƙasa. Ranar zaɓe ya lashe da ratar da ko abokin takarar bai ga amfanin zuwa kotu ba.

Da ya zo Gusau a gidana ya sauka wata shida. Turancinsa a lokacin da sanda yake tafiya, saboda haka duk la'asar sai mu baje takardun majalisa a kan tabarma, ina fassara masa yana gardama. Ɗalibi mai taurin kai irinsa ban taɓa koyarwa ba, amma abin da ya shiga kansa ya shiga ke nan. Ya zama shi ne mai tashi duk lokacin da aka taɓo iri, ko taki, ko hanyar fitar da amfanin gona. Ran Juma'a da an tashi sai Karakkai, ya tuɓe babbar riga ya shiga gona. Ya yi zango biyu a majalisar jiha, sannan jama'a suka tura shi Majalisar Wakilai a Abuja.

A shekarun nan ne zaman lafiya ya yi ƙaranci a yankinmu, zargi ya shiga tsakanin mai noma da mai kiwo, har wanda bai ji ba bai gani ba sai a bi shi da kallo. Masu ba Mas'udu shawara suka riƙa binsa, wai bai dace ɗan siyasa ya bar rugar Fulani a gonarsa ba, zai rasa ƙuri'a. Ya ce musu shi ya san Ɗahiru tun kafin ya san ƙuri'a. Duk kaka shanun suka ci gaba da zuwa. Ɗahiru kuma bai taɓa ce masa Honarabul ba, Mai gona yake kiransa, shi kuma ya ce Mai shanu.

Sai ga ranar da ta fi kowace rana. Ƙarshen damina ne, ina tsintar shinkafa a tsakar gida, rediyo na gefe, na ji mai karanta labarai ya ambaci sunan Mas'udu, ya ce an naɗa shi ministan ƙasa a ma'aikatar da ke kula da noma. Faifan ya kife, kaji suka samu rabonsu. Ko mayafi ban gyara ba na tari mota sai Karakkai. Na tarar garin ya rikice: babura na zagaye suna oda, an fito da ganguna, wani mahauci ya yanka ɗan akuya yana rabon tsire kyauta, abin da ba a taɓa gani ba a tarihinsa.

Amma kalmar nan guda, ƙasa, ita ta raba kan mutane. Matasa suka ce ƙasa ai Najeriya ke nan, wato duk ministocin a ƙarƙashinsa suke. Manoma suka ce a'a, ƙasa dai wadda muke nomawa, jigawa da laka da fadama, duk an damƙa masa. Har wani tsoho ya ƙullo ƙasar gonarsa a leda ya kawo, wai a aika wa minista ya duba abin da ke damunta. Na yi ta bayani cewa ƙaramin minista ake nufi, akwai babba a samansa, shi mataimaki ne. Aka ce Malama Luba hassada ce irin ta taubasai. Na ƙyale su, na shiga cikin masu rawa.

Ashiru na ɓangaren manoma. Mutumin kirki ne, shi ke riƙe da gida tun da wansa ya tafi, amma yana da son a yaba. Ya zauna ya yi tunani ya ga cewa tunda ƙasar noma duka an ba wansa, ba zai yiwu tasa gonar ta zauna a buɗe shanu na tattakawa ba, baƙi za su zo daga Abuja su gani. Bai shawarci kowa ba. Da aka kwashe dawa ya kawo ma'aikata suka zagaye gonar gawo da waya mai ƙaya, da fadamar da rijiyar duka, aka sa ƙofar ƙarfe, aka shafa mata kore da fari. Nufinsa ya ba wansa mamaki ranar da zai dawo gida.

Kwana uku da gama aikin Ɗahiru ya iso da garkensa kamar kullum. Ya ga waya, ya ga ƙofa mai launin tuta. Shi ma ya ji a rediyo, shi ma ya yi tasa fassarar: ƙasar Mas'udu ta zama ta hukuma. Ga kunyar Fulani, ba zai je ƙofar gidan mutum ya tambayi dalilin da aka rufe masa hanya ba. Ya tsaya ɗan lokaci, ya juya kan shanunsa ya kama hanyar Tsafe, inda yake da dangi.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai da Jamila ta biyo ta gidana a Sabon Gari, da ƙwaryar man shanu a kanta. Ta ce sallama ta zo yi. Na ce sallamar me?

Ta ce, "Hajiya, ai gona ta koma ta gwamnati. Mun gode da zaman da anka yi. Maigida ya ce in babu wuri can Tsafe, sai shi rage shanun."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na je na sami Ashiru, ya ce in bari minista ya zo ya gani da idonsa, zai yi murna. Na kira wayar Mas'udu, wani mai lanƙwasa murya ya ɗauka ya ce mai girma yana mitin. Na kira gobe, yana mitin. Jibi, yana mitin. Mako uku cur ina kira, kai ka ce a cikin mitin ɗin aka yanke masa cibiya. Ashe ko saƙo ɗaya ba a isar masa ba.

Ranar da zai zo gida aka shirya gagarumar tarba a Bunguɗu. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Tun daga Gusau motoci suka jeru, mutane a kan bishiyoyi, a kan rufin shaguna, makaɗa kashi-kashi kowa na son a ji nasa. Manoman Kekun Waje suka zo da damman dawa a kan amalanke, na Karakkai suka zo da gangar noma. Ni ma duk da haushin da ke cina sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido da na hango shi ya fito daga mota, ɗan kawuna, mai faso a dunduniya, 'yan sanda na sara masa.

Na kutsa har bakin rumfar manya. Wani mai baƙar kwat ya tare ni, da jin muryarsa na gane shi ne mai ɗaukar wayar. Na ɗaga murya yadda na saba yi wa 'yan aji shida.

Na ce, "Kai Mas'udu, ƙanena, ka ce wa wanga shi ba ni hanya."

Ya waigo yana dariya. "Ku bar ta, taubashiyata ta. Luba, yau ma sai kin ci mini mutunci gaban jama'a?"

Na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, "Ina Mai shanu?"

Ya ce, "Shina gonar gawo mana. Ina za shi?"

Na faɗa masa komai a taƙaice. Na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya dubi Ashiru da ke can gefe yana washe baki, ya dubi mai baƙar kwat. Mai gabatarwa na cikin jero sunayen manyan baƙi Mas'udu ya miƙe ya karɓi lasifikar. Ya gode wa kowa a cikin jimla uku, ya ce yana da baƙon da ya fi kowa daɗewa a gidansu, an bar shi a waje, zai je ya shigo da shi. Ya kama hannun mayafina ya ce mu tafi.

Haka muka bar taron, shinkafa ko buɗe ta ba a yi ba. Masu tsaronsa suna ta magiya cewa ba a tsara zuwa Tsafe ba, ya ce wanda ya gaji ya sauka. Muka ratsa Gusau jiniya na kuka, ni da ban taɓa shiga mota mai tuta ba ina ta riƙe kujera ina salati. A hanya ya yi ta faɗa, rabi da Ashiru, rabi da kansa. Ya ce tun da aka rantsar da shi bai tambayi gonar ba ko sau ɗaya, ya ɗauka abin da ya shekara arba'in yana tafiya ba ya bukatar a tambaya.

Ranar kasuwa ce a Tsafe. Muka wuce kai tsaye kara, inda ake cinikin shanu. Can muka hango Ɗahiru tsaye da sandarsa a kafaɗa, dillalai sun kewaye wata farar saniya suna buɗe mata baki. Ya rame. Da ya ga motoci da 'yan sanda sai ya ja da baya, ya cire malfarsa. Mas'udu ya tattare babbar riga ya ratsa cikin kashin shanu da takalminsa mai ƙyalli.

Ya ce, "Mai shanu, mi naj ji haka?"

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe."

"Ni kaka ce ma ranka shi daɗe? Yaushe munka hwara haka?"

"To ai an ce ka zama ministan ƙasa. Na iske waya, na iske ƙohwa da tuta. Na ce ƙasa ta koma hannun hukuma, ba a shiga."

Mas'udu ya dafa kafaɗarsa. "Ƙasar da sunka ce, ba ta noma ba ta. Ƙasa nike da wani. Akwai babban minista bisa kaina, shi ka aike na, in tahi."

Ɗahiru ya ɗago ya dube shi da kyau. "Ashe kiwo anka ba ka. Garken na wani na."

"Kiwo na, Mai shanu. Gona kuwa ta Baba ta, ba ta gwamnati ba. Kwance saniyar ga mu tahi gida."

Dillalan suka fashe da dariya, masu tsaron ma haka, har Ɗahiru sai da ya murmusa. Aka kwance farar saniya. Nan take labari ya cika kasuwar Tsafe cewa minista ya zo da kansa bikon Bafulatani, mutane suka yi ta tururuwa suna leƙe, wasu na ɗaga waya suna ɗauka. Ni dai daɗi ya cika ni har na sayi rake na raba wa 'yan sanda.

Shanu ba sa shiga mota mai tuta, sai da suka yi kwana huɗu a hanya. Mas'udu ya ƙi komawa Abuja, ya ce a gaya wa na samansa yana wani aikin ƙasa. Washegari da safe ya sa Ashiru a gaba har gonar gawo, ya miƙa masa almakashin yanke waya, ya ce wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ashiru ya yi ta yanka yana ba da haƙuri. Mutanen gari da suka ga minista na naɗe waya da hannunsa sai suka shigo, abin ya koma gayya, har da kiɗa. Kafin azahar babu ko turke ɗaya a tsaye.

Ranar da shanun za su iso, da hantsi, rabin Karakkai na bakin gonar. Muka hango su tafe, Ɗahiru a gaba, Jamila a baya da ƙore a kai. Mata suka ɗauki guɗa. Shanun ba su jira an nuna musu hanya ba, suka wuce kai tsaye rijiya, suka sha, suka dawo gindin gawo.

A nan guɗar ta fara mutuwa. Ba a ƙirga wa Bafulatani shanu, kuma babu wanda ya ƙirga, amma ido ba ya bukatar lissafi. Garken da a da yake cika gonar tun daga gawo har fadama, yau duk ya shige cikin inuwar itacen, har da sauran wuri. A mako ukun nan da nake ta kiran waya, kasuwa uku ta ci a Tsafe, kowacce kuma sai da aka sayar da wasu daga garken, kuma Ɗahiru bai faɗa mana ba a kara.

Ya jingina sandarsa a jikin gawo, ya dubi faɗin gonar daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya matso kusa da Mas'udu ya rage murya, kamar shi ne mai laifi.

Ya ce, "Mai gona, ka yi haƙuri. Bana rabin gonar kaɗai za ta samu taki."

Na san Mas'udu fiye da shekara hamsin, na gan shi ya rufe bakin manya a Bunguɗu da Gusau, an ce har a Abuja ba a kayar da shi a magana. Ban da ranar nan. Ya zauna a kan kunyar gona da babbar rigarsa, ya rufe fuska da hannu biyu, Ɗahiru na tsaye a kansa yana ba shi haƙuri.